Wa Zai Jira Wa? Jadawalin Gasar Ƙwallo a Ma'aunin Fiƙihun Lokaci

Gasar firimiya ta Najeriya tana da ƙungiyoyi 20, kuma idan kaka ta cika kowace ƙungiya takan buga wasa 38, rabi a gida rabi a waje. Shekara mako 52 ce. Cikin waɗannan makwanni ake son a saka gasar kofin ƙalubale, da wasannin zakarun Afirka na ƙungiyoyin da suka samu gurbi, da ranakun da FIFA ta keɓe wa ƙasashe, da gasar cin kofin nahiyar Afirka, sannan gasar cin kofin duniya duk bayan shekara huɗu. A zahiri lissafi ne na mai alƙalami da kalanda. Amma duk lokacin da wasa biyu suka nemi rana ɗaya, dole ɗaya ya matsa, kuma wanda ya matsa ɗin an yanke masa hukunci ne cewa haƙƙinsa na iya jira. Tambayar da ke ƙarƙashin jadawali ke nan: da wane ma'auni ake gane wanda ya kamata ya jira? Tambaya ce da malaman fiƙihu suka daɗe suna fama da irinta tun kafin a san ƙwallon ƙafa.

Tarihin gasar kofin Afirka ya isa misali. Shekaru da yawa ana yin ta ne a farkon shekara, galibi Janairu zuwa Fabrairu, lokacin rani a Afirka ta Yamma, wanda kuma ya yi daidai da tsakiyar kakar Turai. A 2013 aka mayar da ita shekarun mara don kada ta riƙa haɗuwa da kofin duniya, kuma a wannan karon ne Najeriya ta ɗauki kofin a Johannesburg da ƙwallon Sunday Mba, ɗan wasan da ke buga gasar gida. A 2017 hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta yanke shawara a Rabat cewa za a koma watannin Yuni da Yuli, aka kuma yi haka a Masar a 2019. Daga nan damina ta ce ba ta san wannan zance ba. Gasar Kamaru a Janairu da Fabrairun 2022 aka yi ta, ta Kwaddibuwa kuma, wadda aka shirya wa tsakiyar 2023, aka ɗage ta zuwa Janairun 2024 saboda ruwan sama. Ta Maroko, inda ruwa ba ya hana wasa a watan Yuni, ita ma ba ta tsira ba: FIFA ta riga ta kafa sabuwar gasar kofin duniya ta ƙungiyoyi a Amurka a Yuni da Yulin 2025, don haka aka tura ta Afirka zuwa 21 ga Disamba 2025. Cikin shekara goma sha biyu babbar gasar nahiya guda ta yi ƙaura sau da dama, kuma ba duka dalilan ne iri ɗaya ba. Matsawa saboda damina abu ne da hankali ke karɓa. Matsawa saboda wani ya fi ƙarfi da kuɗi wani abu ne daban.

Dokar FIFA ta wajabta wa ƙungiya ta saki ɗan wasanta idan ƙasarsa ta kira shi a ranakun da aka keɓe. Duk da haka ƙorafin ƙungiyoyin Turai bai taɓa yankewa ba. A Agustan 2022 shugaban Napoli, Aurelio De Laurentiis, ya fito fili ya ce ba zai ƙara sayen ɗan Afirka ba sai wanda ya yarda ya haƙura da gasar nahiyarsa, alhali Victor Osimhen na cikin ƙungiyarsa a lokacin. Abin lura shi ne a ƙarshen wannan shekarar manyan gasannin Turai duka suka tsaya cak daga tsakiyar Nuwamba domin kofin duniya na Katar, wanda aka yi daga 20 ga Nuwamba zuwa 18 ga Disamba. Ashe kakar Turai na iya tsayawa idan mai neman a tsaya ya kai.

Najeriya ta ɗanɗana nata a 2018. An tafi hutun kofin duniya na Rasha a watan Yuni bayan an buga mako 24, da niyyar dawowa da an kammala. Kafin a dawo rikicin shugabancin hukumar NFF tsakanin Amaju Pinnick da Chris Giwa ya sake tashi, har FIFA ta ba ƙasar wa'adi zuwa 20 ga Agusta. Da ƙura ta lafa lokaci ya riga ya ƙure, domin CAF na jiran sunayen wakilai a kan sabon jadawalinta. Sai aka rufe kakar inda ta tsaya, da sauran wasa 14 a kan kowace ƙungiya. Lobi Stars ta Makurɗi, wadda ke saman teburi, ta samu gurbin gasar zakarun Afirka, ba a kuma saukar da kowa ba. Kofin ƙalubale kaɗai ya kai gaci, inda a Asaba, tsallaken gadar Anacha, Rangers ta Inugu ta farfaɗo bayan Kano Pillars ta zura mata uku, aka tashi 3-3, ta yi nasara a bugun fenariti. Duk wanda ya ga yadda wasa ɗaya ya juye cikin minti casa'in ya san abin da wasa 14 za su iya yi wa teburi.

Abin da ya biyo baya gajeru ne da faci. A 2019 an raba ƙungiyoyi 24 gida biyu, Enyimba ta Aba ta lashe wasannin ƙarshe a Legas. Annobar korona ta katse kakar 2019/20. A 2023 aka sake yin gajeriyar kaka daga Janairu zuwa Yuni domin a samu a hau layin da CAF da Turai ke kai, wato daga wajen Agusta zuwa Mayu. A cikin shekarun nan, Rivers United ta Fatakwal ta ɗauki kofin a 2022, Rangers kuma a 2024 bayan cikakkiyar kaka.

'Yan Arewan da ke zaune a waɗannan garuruwa na Kudu ba baƙi ba ne ga rayuwa a kan kalandar wasu. Zamansu ya daɗe, har Malam Umaru Altine, falken shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu a shekarun 1950. Ɗan kasuwar da ke sauke albasa ko wake a kewayen Kasuwar Relief ta Anacha, da mai shanu a Gariki ta Inugu, da mahauci a Fatakwal, kowannensu yana riƙe da kalanda fiye da ɗaya a kansa. Manyan kasuwanni na rufe ranar Lahadi. Juma'a ranar ciniki ce cikakkiya, sai mutum ya bar wa yaro ko maƙwabci rumfa ya ruga masallaci. Kasuwannin ƙauyukan Ibo na ci ne a kan mako mai kwana huɗu, Eke, Orie, Afo da Nkwo. A Agustan 2021 Litinin ta zama ranar zaman gida a sassa da dama na Kudu maso Gabas, aka shafe shekaru a haka, mai kayan gwari da motarsa ta taso daga Arewa kuwa dole ya lissafa kada ta iso ranar da ba mai saye. Disamba ce kakar ciniki saboda Kirsimeti. Sallah kuma tana kiran mutum gida a ranar da sai an ga wata za a tabbatar, damina na kiran ɗan cirani gona. Mutumin da ke cikin wannan hali ya san daga aiki cewa ba duk lokuta ne ke da nauyi ɗaya ba. Akwai wanda ake ja, akwai wanda ake ramawa, akwai wanda idan ya wuce ya wuce.

A gidan kallo abin ya fi fitowa sarari. Wasan Ingila da ake take shi ƙarfe biyar da rabi agogon can, a lokacin hunturunsu shida da rabi ne a Najeriya, daidai da kiran magariba. Ga janareto na ruri, ga benci cike, an biya kuɗin shiga, sai ladan ya ɗaga murya daga masallacin unguwa. Wasu kan miƙe nan take su ɗauki buta, su bar hula a kan benci ta riƙe musu wuri. Wasu kan ce bari a tafi hutun rabin lokaci. Wasan firimiyar gida kuwa yawanci ƙarfe huɗu ake take shi, lokacin da ake tsayar da la'asar. Ɗan kallo ba shi ya tsara jadawalin ba, amma a kansa rigimar ke ƙarewa.

Fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaure daga Ahalari da Ishmawi zuwa Iziyya da Risala, ya yi wa lokaci rabo mai kyau. Kowace salla tana da lokacin zaɓi da lokacin larura. La'asar tana da yalwa har rana ta fara yin fatsi-fatsi, kuma kai ta lokacin larura ba tare da uzuri ba laifi ne ko da sallar ta inganta. Magariba, a mashahurin zance na mazhabar, lokacin zaɓinta ƙunci gare shi, gwargwadon abin da mutum zai yi tsarki ya sallata. Saboda haka wanda ya jira hutun rabin lokaci da la'asar da wanda ya jira shi da magariba ba matsayinsu ɗaya ba. Malaman usulu sun faɗaɗa wannan zuwa ƙa'ida: akwai wajibi mai yalwar lokaci, akwai mai ƙuntataccen lokaci, kuma idan suka yi karo, mai ƙunci ake gabatarwa. Haka nan abin da ba shi da ramuwa yana gaban abin da ake iya ramawa. Suratul Jumu'a ta ba da misalin da kowane ɗan kasuwa ya sani. Ciniki halal ne, amma da an yi kiran sallar Juma'a sai a bar shi, har Malikiyya suka ce cinikin da aka ƙulla a wannan lokaci warware shi ake yi. Da an idar kuma ayar da ke biye ta sake buɗe ƙofar neman arziki. Ba a wulaƙanta cinikin ba. An dubi yanayin kowanne ne, aka ga ɗaya zai iya jira sa'a guda ba tare da ya lalace ba, ɗayan kuwa ba zai iya ba.

Ƙwallo ba ibada ba ce, kuma babu mai hankalin da zai ɗora hukuncin salla a kan wasa. Abin da ake iya arowa shi ne hanyar tunani: a tambayi yanayin abin, ba ƙarfin mai shi ba. Idan aka auna da wannan, sakamakon ba ya goyon bayan ɓangare ɗaya a kowane hali. Gasar ƙasashe ta wata guda tana da ƙuntataccen lokaci, ƙasashe 24 ne ke taruwa wuri ɗaya, kuma ɗan wasa na iya samun damarta sau biyu ko uku kawai a rayuwarsa. Wasan mako na ƙungiya kuwa ana iya mayar da shi kwantai a buga daga baya. Ta wannan fuska kaka ce ya kamata ta matsa, kuma ƙungiyar Turai da ta sayi ɗan Afirka tana sane da gasar nahiyarsa ba ta da hujjar kuka, domin da sharaɗin ta saya. Amma yalwa tana da iyaka. Kakar da aka yi ta ja har lokacinta ya fita ba a rama ta ba, an yi asararta ne, kamar yadda aka gani a 2018. Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: mene ne dalilin tsayar da gasar gida gaba ɗaya saboda gasar da kusan duk 'yan wasan Najeriya da ke cikinta daga ƙetare suka zo? Ga CHAN, gasar da aka riƙa yi wa 'yan wasan da ke taka leda a gida, dalilin a fili yake, domin 'yan gida ne suka riƙa tafiya. Ga kofin duniya kuwa dalilin ya fi karkata ga 'yan kallo da jami'an da hankalinsu ya tafi can, kuma wannan uzuri ne mai rauni idan aka kwatanta shi da albashin ɗan wasan da kakarsa za ta mutu.

Alƙur'ani ya yi magana a kan wani nau'in matsar da lokaci a Suratut Tauba, aya ta 36 da ta 37. Larabawan jahiliyya suna girmama watanni huɗu, Zulƙida, Zulhajji, Muharram da Rajab, ba a yaƙi a cikinsu. Idan wata uku a jere suka yi musu tsawo, sai a ɗage alfarmar Muharram zuwa Safar, a yi yaƙin da ake so, a ce ai adadin bai ragu ba. Alƙur'ani ya yi tir da wannan da kakkausan lafazi. Hukuncin na watannin ibada ne, bai shafi kalandar da mutane suka ƙirƙira don harkokinsu ba. Sai dai hikimar da ke ciki ta wuce wurin da ta sauka. Amfanin watan alfarma shi ne mai rauni ya san ranar da zai bi hanya lafiya. Ranar da mai ƙarfi ya samu ikon matsar da shi, kiyaye adadi ba ya amfanar kowa, domin abin da ake buƙata tun farko shi ne tabbas. Gasar da ake yi duk bayan lokacin da aka faɗa, amma a watan da wasu suka ga dama, ta kiyaye adadi ta rasa tabbas.

Wannan ya kai ga abin da ya fi damun gasar gida, wato rashin sanin rana. Ayar bashi a Suratul Baƙara ta ɗaure bashi da ajali ambatacce, ta kuma yi umarni a rubuta. Malamai sun sharɗanta sanin ajali a cinikin da ake biya kafin kaya su iso, kuma sun hana cinikin da jahilci ya yi masa yawa domin ƙarshensa husuma. A Kasuwar Relief ba sai an buɗe littafi ba: wanda ya karɓi kaya ya ce zai biya in an kwana biyu, ba tare da ya ambaci rana ba, gobe ba za a ba shi ba. Jadawalin kaka alkawari ne da aka ɗaukar wa mutane da yawa a lokaci guda. Ɗan wasa ya sa hannu a kwantiragi, koci ya tsara atisaye, ƙungiya ta yi kasafin mota da masauki, gidan talabijin da mai talla sun sa kuɗi, mai sayar da ruwa da tsire a bakin filin Nnamdi Azikiwe ko na Sani Abacha ya saro kaya. Idan aka ɗage ranar farawa sau biyu ko uku, ko aka sauya ƙa'idar fitar da zakara bayan an yi nisa, ba hukuma ce ke ɗaukar asarar ba, waɗannan ne. Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawari ta buɗe. Hutun da aka sanar tun kafin a take wasan farko, da ranar tafiya da ranar dawowa, ba ya cutar da kowa ko da wata biyu ne. Wanda aka tafi ba a san ranar dawowa ba shi ne zalunci, ko da ba wanda ya yi niyyarsa.

Masu goyon bayan bin kalandar Turai suna da hujjar da ba za a raina ba. Kasuwar sayen 'yan wasa a tsakiyar shekara take ci, kuma ƙungiyar da kakarta ta ƙare a Mayu tana iya sayar da ɗan wasanta ba tare da ta karya tafiyarta ba. Wakilan Najeriya a gasar CAF sun sha shiga zagayen farko ba tare da sun buga wasan gasa ko ɗaya ba, a yi waje da su da wuri. Ga Fatakwal da Aba da Inugu ma akwai sauƙi, domin hutun Yuni da Yuli yana kauce wa wani ɓangare na ruwan da ke mayar da fili taɓo. Shari'a ba ta ƙin maslaha, kuma bin tsarin wani don amfanin kai ba ƙasƙanci ba ne. Abin da ake tambaya shi ne ko an auna maslahar kowa. Kakar Agusta zuwa Mayu tana jefa wasannin da suka fi zafi, na neman kofi da na gudun faɗuwa, cikin Maris da Afrilu, lokacin da bazara ke gasa Kano da Katsina da Maiduguri, a kuma take wasa ƙarfe huɗu.

Akwai kalanda guda da ba CAF ba FIFA ba mai iya matsar da ita. Shekarar Hijira, wadda aka fara ƙirga da ita a zamanin Halifa Umar, tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka Ramadan na zagaya dukan yanayi cikin kusan shekara 33. A 2014 ya shigo ana tsakiyar kofin duniya na Brazil, kwana ɗaya ko biyu kafin Najeriya ta kara da Faransa. A 2024 da 2025 a Maris ya faɗo, cikin zagaye na biyu na gasar gida. A nan ƙwallo ce kaɗai ke da damar motsi, kuma fiƙihu ya riga ya tanadi sauƙi ta ɓangarensa. Ɗan wasan Pillars da ya taso zuwa Inugu ya ratsa sama da kilomita 700, ninkin ba ninkin tafiyar ƙasaru, wadda Malikiyya suka ƙiyasta da mil 48. Idan bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba matafiyi ne, yana da damar ya sha ya rama, ko da yake mazhabar ta fi son mai iko ya yi azumin. Ɗan wasan da ke gida ba shi da wannan rangwame. Mafi kusa da halinsa shi ne abin da malamai suka faɗa game da masu girbi da masu aikin ƙarfi: su kwana da niyya, idan wahala mai tsanani ta same su a wuni su sha su rama. Ko wasan ƙwallo na sana'a ya shiga wannan babi, malamai sun saɓa. A 2010, bayan wata ƙungiya a Frankfurt ta gargaɗi 'yan wasanta uku saboda azumi, an nemi fatawa daga Azhar, ta kuma ba ɗan wasan da ƙwallo ce hanyar abincinsa rangwame. Wasu malaman ba su gamsu ba, suna ganin wasa bai kai larura ba.

Mafi yawan wannan saɓani mai tsara jadawali na iya kashe shi da alƙalaminsa. A Afrilun 2021 an dakatar da wasan Leicester da Crystal Palace na ɗan lokaci domin Wesley Fofana da Cheikhou Kouyaté su sha ruwa, daga baya abin ya zama sananne a gasar Ingila. A ƙasashen Larabawa da dama wasannin Ramadan da dare ake yin su. A Najeriya wasan ƙarfe huɗu yana ƙarewa wajen shida, kafin faɗuwar rana, ma'ana mai azumi ya yi minti casa'in ɗinsa a sa'o'in da jiki ya fi galabaita. Mayar da shi dare yana buƙatar fitilu masu aiki, da wutar da za ta riƙe su, da tsaron da zai bar 'yan kallo su koma gida lafiya, kuma ba kowane fili ne ke da ukun ba. Shi ma daren yana da masu shi, domin bayan isha'i akwai asham da tafsiri, a goman ƙarshe kuma akwai tahajjud. Filayen da ke da fitilu za su iya ɗaukar wasannin watan, sauran kuma a rage musu wasan tsakiyar mako, tunda farkon Ramadan na kowace shekara ana iya ƙiyasta shi da kuskuren da bai wuce kwana ɗaya ko biyu ba tun kafin a fitar da jadawalin kaka.